Baklawar Karaköy Güllüoğlu a Istanbul: abin da za a saya da yadda za a kawo shi gida

Ɗan kasuwar da ya je sarin kaya unguwar Laleli a Istanbul yakan ga shagunan kayan zaƙi a kowace kusurwa, an jera baklawa a gilashi tana sheƙi. Yawancinsu ba laifi. Amma wanda yake son ya san ainihin ɗanɗanonta, ya hau jirgin taragon T1 daga Laleli, ya wuce Sultanahmet da Eminönü, ya haye gadar Galata, ya sauka a Karaköy. Tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa zuwa Karaköy Güllüoğlu, shagon da aka buɗe a 1949. Iyalin da suka kafa shi 'yan Gaziantep ne, garin da Turkiyya ta sallama wa a wannan sana'a.

Tsarin wurin yakan rikita baƙo. Ba a zama a jira ma'aikaci. Mutum zai zaɓi abin da yake so, ya biya wajen mai karɓar kuɗi, ya kai rasit wajen masu zubawa, sannan ya ɗauki farantinsa ya nemi kujera. Da yamma da ƙarshen mako layi yakan yi tsawo, don haka hantsi ya fi.

Ginshiƙin baklawa mai kyau abu huɗu ne: fallen ƙullin fulawa da aka murza har ana hango hannu ta bayansa, man shanu da aka soya aka tace, fistashiyo (wani ɗan itace mai koren ciki, kamar gyaɗa), da ruwan sukari. Babu zuma, kodayake mutane da yawa haka suke zato. Ana jera fallayen kusan 40, rabi a ƙasa rabi a sama, fistashiyo a tsakiya, a gasa, a kwarara ruwan sukari mai zafi tun tiren bai huce ba. A nan gwaninta take. In sukarin ya yi yawa sai ƙasan ya jiƙe ya zama kamar danƙo, in ya gaza sai ta bushe. Ta wannan shago tana faɗa maka gaskiyarta tun kafin ka kai baki: da cokali mai yatsu ya shiga za ka ji ƙaras. A juya yankan, ƙasansa ya kalli sama, yadda gefen da ya sha sukari zai taɓa ganɗa. Ƙamshin man shanu ne zai fara zuwa, irin wanda mai cin alkaki na gidan biki ya sani, sannan fistashiyon ya biyo baya. Ba ta ƙona maƙogwaro, kuma wannan shi ne babban abin dubawa, domin ƙunar nan alama ce ta an yi ha'inci a sukari ko a mai.

Wanda ya zo karon farko ya nemi mai fistashiyo, wadda suke kira fıstıklı, ya haɗa da şöbiyet. Ita şöbiyet tana da kirim na madara a ciki, ta fi taushi, kuma a ganina ita ce sarauniyar wurin. Mai gudun zaƙi sosai ya gwada sütlü Nuriye, wadda ake jiƙawa da madara. Fıstık sarma kuwa kusan fistashiyo ce zalla a naɗe, koriya shar, ta fi sauran tsada. Yanka huɗu sun ishi mutum ɗaya. A sha da baƙin shayi ba sukari, lemon kwalba yana kashe ɗanɗanon.

Farashi ya ɗara na shagunan gefen titi, babu musu. Sai dai a yi hattara da baklawa mai arha fiye da kima a ko'ina cikin gari, don akwai masu niƙa gyaɗa ko koren wake su rina su kira shi fistashiyo.

Wajen tsaraba ne mutanenmu suka fi yin kuskure. Sukan sayi şöbiyet ko mai madara saboda ita ta fi musu daɗi a shago, kafin a isa Kano ta fara tsami. Ta tafiya ita ce kuru baklava, wato busasshiya, wadda ba a sa mata kirim, kuma takan kai mako biyu. A saya ranar tashi, a gaya musu ta jirgi ce su ɗaure kwalin da kyau, a riƙe shi a kwance cikin jakar hannu, kada ruwan sukarin ya gangara gefe guda. In an iso gida kada a sa a firji: man yana daskarewa, sukarin ya koma tsakuwa-tsakuwa, ƙaras ɗin ya tafi. A ajiye a ɗaki mai sanyi inda rana ba ta kaiwa, kuma a lokacin bazara a raba wa mutane a cikin kwana uku zuwa huɗu.