Mutum-mutumin Tebur Mai Hannu: Fara da Kafaɗa Kafin Ƙwaƙwalwa

Yawancin masu son haɗa ɗan mutum-mutumin tebur Arduino ko Raspberry Pi suke fara saye, wato ƙananan allunan kwamfuta da ke zama ƙwaƙwalwarsa, sai daga baya su tuna da hannun. Kamata ya yi a juya tsarin. Ko hannun zai ɗaga cokali ko zai tsaya yana karkarwa, injin kafaɗa ne da wutar da ke ciyar da shi ke yanke wannan hukuncin. Don haka injin gaɓa, wanda a kasuwa ake ce wa servo, shi ne farkon saye.

Kafin ka fitar da kobo, ɗauki biro. Ƙarfin murɗawa ana rubuta shi da kg·cm, wato nauyin kaya sau tsawon hannu. Hannu mai santimita 20 da zai ɗauki giram 100 yana neman 2 kg·cm a kafaɗa, kuma ba a sa nauyin hannun kansa da injinan gwiwa da na yatsu ba tukuna. Sannan adadin da ke jikin kwali shi ne inda injin ke cijewa ya tsaya cak, ba inda yake aiki cikin sauƙi ba. Nemi ninki biyu ko uku na abin da lissafinka ya ba ka.

SG90, ɗan shuɗin nan mai giram 9, ƙarfinsa wajen 1.8 kg·cm ne, haƙoran giyarsa kuma na roba. Shi ya fi araha, kuma hannu irin MeArm, wani ɗan ƙaramin hannun tebur da ake haɗawa a gida, da guda huɗu yake tafiya. Ya isa matse yatsu ko juya kai. A kafaɗar hannu mai tsawo kuwa, karo ɗaya da gefen tebur ya isa ya gutsure haƙori, ka ji injin na kuka hannu bai motsa ba. MG90S girmansu kusan ɗaya, ƙarfin ma bai fi shi da yawa ba, amma giyarsa ta ƙarfe ce. Ɗan ƙarin kuɗin ya cancanta.

MG996R shi ne jakin aikin. Giram 55, kusan 9.4 kg·cm a 4.8V, 11 a 6V. Sa shi a gindi da kafaɗa, ka bar ƙananan a wuyan hannu, domin duk giram ɗin da ka ɗora a ƙarshen hannu kafaɗa ce ke biyan kuɗinsa. Aibinsa biyu: jabu sun yi yawa, kuma kamar sauran ba ya gaya maka inda yake. Ka ba shi umarni ne kawai ka yi fatan ya isa.

Wannan gibin ne Feetech STS3215 ke cikewa, injin da ake sa guda shida a wani samfurin hannun mutum-mutumi mai suna SO-101. Yana auna juyinsa a matakai 4096, yana mayar da rahoton matsayi da zafi da nauyin da ke kansa, kuma ana jera su a layin waya ɗaya. Za ka iya kama hannun ka nuna masa motsi, ya haddace ya maimaita. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma yana buƙatar nasa allon. Ka lura akwai na 7.4V da na 12V. In ka ba na farko wutar na biyu, ka yi asara.

Yanzu wuta, inda aka fi yin kuskure. MG996R ɗaya in ya cije yana iya jan 2.5A, alhali USB na Arduino Uno 500mA ne iyakarsa. Alamar ita ce hannu ya fara motsi, allon ya mutu ya sake tashi. Ba laifin rubutun umarninka ba ne, yunwar wuta ce. Sayi adafta daban ta 5V ko 6V: 3A ga ƙanana huɗu, 10A in manya uku ko huɗu ne. Haɗa GND ɗinta, wato wayar ragi, da na allon, in ba haka ba injinan za su yi ta rawa ba kiɗa. Ƙara kafasita (ɗan ma'ajiyar wuta) 1000µF a bakin layin wutar, ka kula da ƙafar da ke da alamar ragi.

Ƙwaƙwalwa ba ta da wuyar zaɓe. Uno ya isa hannu ɗaya. Allon ESP32 in kana son sarrafawa daga waya ta Wi-Fi ko Bluetooth. Raspberry Pi sai in za ka sa kyamara, kuma kada ka ja injinan kai tsaye daga ƙafafunsa, siginar ba ta zama daram. Mai hannu biyu ya ƙara allon PCA9685: wayoyin sigina biyu, injina 16.

Gangar jiki kuma, akrilik mai kaurin milimita 3 na da kyau a ido amma yakan tsage a ramin noti in ka ɗaure da ƙarfi. In bugun 3D za ka yi, robar bugun da ake kira PLA na fara laushi wajen digiri 60, zafin da motar da aka rufe a rana ke iya kaiwa. Robar PETG ta fi juriya. Kuma kafin ka ɗaura kowane hannu a kan injinsa, kunna injin ka juya shi zuwa kusurwar digiri 90, sannan ka sa sukurun.