Gargaɗi: Ya ci mini dala 3,200 da jabun katin Hank Aaron

Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda ke harkar tara tsofaffin katunan besbol a nan Amurka, ko yake shirin shiga, ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi. Akwai wani macuci da ke yawo a zaurukan saye da sayar da kati na intanet, yana cewa wai kayan marigayi mahaifinsa ne yake rabuwa da su. Ni ya ci mini dala 3,200. Dala dubu uku da ɗari biyu, gumina, kuɗin da na tara da tuƙin tasi a Bronx, wani lokacin sai asuba nake shiga gida.

Katin da ya ce zai sayar mini na Hank Aaron ne, bugun kamfanin kati na Topps na 1954, mai lamba 128, katinsa na farko a ƙungiyar Milwaukee Braves. Wanda ya san harkar ya san shi: bangon ruwan lemo, babban hoton fuskarsa yana saurayi, ga ƙaramin hoto baƙi da fari a gefe, an rubuta ainihin sunansa, Henry Aaron, a sama. Na daɗe ina son katin nan, kuma ba don riba ba. Mutumin da ya taso a Mobile ta jihar Alabama lokacin wariyar launin fata, ya fara da ƙungiyar baƙaƙen fata ta Indianapolis Clowns, ya zo a 1974 ya karya tarihin Babe Ruth na hom-ran 714, wato bugun da ke ba ɗan wasa damar zagaye fili ya ci maki, ana ta aiko masa da wasiƙun barazanar kisa. Ɗana yana buga besbol a makaranta, shi na so in ajiye wa.

Kada wani ya zo ƙasan rubutun nan yana ce mini kwaɗayi mabuɗin wahala. Wane kwaɗayi? Ba katin Mickey Mantle na 1952 aka ce za a ba ni a dala ɗari biyar ba, wanda irinsa aka sayar dala miliyan 12.6 a 2022. Da haka ne, ko ɗan goye ya san ƙarya ce. Shi wannan dala 3,800 ya sa wa katin, mai maki 4 a ma'aunin PSA, kamfanin da ke tantance kati ya ba shi maki gwargwadon kyansa. Muka yi ciniki irin na mutanen kirki, na taya 3,000 ya ce albarka, muka daidaita a 3,200. Farashi ne da bai yi nisa da abin da na ga ana sayar da irinsa ba a lokacin. Ina arhar da za ta sa in yi zargi?

Kuma na bincika. Wallahi na bincika. Katin yana cikin kwanson roba irin na PSA, da takardar shaida a sama da lambarta. Na ɗauki lambar na sa a shafinsu, ta fito: 1954, Topps, 128, maki 4. Komai ya yi daidai. Na ce ya rubuta sunana da kwanan wata a takarda ya ɗauki hoto tare da katin, ya yi. Na ce mu yi kiran bidiyo, ya ɗauka nan take.

Wannan kiran shi ke hana ni barci. Dattijo ne fa, da furfura, da tabarau a kan hanci, yana zaune a ɗakin girki. Ya ɗaga kwanson kusa da kyamara, ya juya gaba, ya juya baya, a hankali. Da na ce masa na ɗana ne sai ya yi shiru, ya cire tabarau, ya ce shi ma mahaifinsa ne ya fara kai shi kallon wasa. Ya ce kada in yi gaggawa, in je in yi tunani, katin ba ya gudu. Ku ji fa. Ɓarawo yana ce maka kada ka yi gaggawa. Ina ta maimaita wannan wurin a raina, yadda ya cire tabarau ɗin nan, yadda ya sunkuyar da kai. Ko kai ne da ka yarda. Duk wanda ya ce ba zai yarda ba, bai ga fuskar mutumin nan ba ne.

A wajen wani baje kolin kati a garin White Plains na jihar New York asiri ya tonu. Kai, na tsallake maganar biya. Tun kafin kiran bidiyon, ko bayansa ne, ya ce shi ba ya son hanyar biya mai kariyar mai saye, wai ana cire masa kaso, wai kuma an taɓa riƙe masa kuɗi lokacin jana'izar mahaifinsa. Ya ce in na tura kai tsaye daga banki zuwa banki shi ne zai rage mini ɗari shidan. Ashe ragin nan shi ne tarkon. Na tura 3,200 cif. Kaya kuma suka iso, an naɗe su da kyau, har da 'yar takardar godiya da rubutun hannu.

To, a White Plains ɗin na miƙa wa wani tsohon dillali katin, ba don ina shakka ba, nuna masa kawai nake yi. Bai ma kalli katin ba tukuna, gefen robar ya bi da babban yatsa. Ya ce dubi nan. Gefen ya yi fari-fari, ya yi hazo, ga alamar gam. Ya ce na gaske da na'ura ake liƙe shi, ba ya buɗuwa sai an fasa. Ya nemi izinina, ya sa farce, kwanson ya rabe biyu kamar ɓawon gyaɗa. Ya ɗauko gilashin nan irin na masu gyaran agogo ya ce in duba baƙin rubutun sunan. A katin asali baƙin tawada ne sumul. Nawa ɗigo-ɗigo ne na launuka, aikin injin buga takarda na zamani. Sannan ya haska masa tocila mai shuɗin haske, irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita, takardar ta ɗau ƙyalli fau. Ya ce kwalin 1954 ba ya yin haka. Ga mutane tsaye suna kallo, ga ɗana a gefena. Na rasa inda zan sa kaina.

Lambar shaidar kuwa ta gaske ce, shi ya sa ta fito a shafin. Ta wani katin ce daban da aka taɓa yin gwanjonsa. Sun kwafi lambar sun buga a jabun takarda. Da muka nemo hoton na asalin, kusurwarsa ta hagu a daƙile take, nawa kuwa a tsaye ƙyam.

Masu dariya su sani, manya ma an yi musu. Katin Honus Wagner na tsohon jerin katunan T206, wanda tauraron hokin ƙanƙara Wayne Gretzky ya taɓa mallaka, shi ne kati na farko da PSA ta ba wa maki, maki 8. A 2013 babban dillalin gwanjon kati Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa ya datse gefensa don ya ƙara kyau, amma kafin ya amsa katin ya riga ya ci miliyoyin daloli a hannun attajirai. Su da ƙwararrunsu ke nan. Balle ni direban tasi.

Na kira lambar dattijon a kashe. Shafinsa ya ɓace, har da mutanen da suka yi ta yabonsa a zauren suna cewa sun saya a wurinsa, su ma babu su, ashe duk shi ne. Banki suka ce ni na tura da hannuna, babu abin da za su iya. Na kai ƙara wajen 'yan sanda, na cike takardar koke ta FBI a intanet. Har yanzu shiru. Dala 3,200. Allah ya isa tsakanina da shi, ban yafe ba.

Hotunan hirarmu duk suna nan, da rasit, da hoton kwanson a buɗe, da takardar godiyar tasa. Zan ɗora su da zarar na rufe bayanan asusuna.

Kada ku biya ta hanyar da ba ta da kariya, ko nawa aka rage muku. Lamba ta fito ba hujja ba ce, ku nemo hoton katin da ke da lambar ku gwada kusurwa da kusurwa.

Wani ɗan'uwa ya turo mini jiya cewa ya ga dattijo mai irin wannan labarin na mahaifi, da sabon suna, yana tallar katin Roberto Clemente na 1955. In shi ne ya tuntuɓe ka, kada ka toshe shi tukuna, ka ɗauki hoton komai ka turo mini ta akwatin saƙo.