Kur ɗin SVT na yamma a Sabon Gari: mushen ya iya, wurin zaman ne matsala

Masu tambayata inda na sa ƙanwata kur, wato ƙarin darasi na kuɗi, saboda jarrabawar bak, ga amsa nan gaba ɗaya don na gaji da maimaitawa. Wani mushe ne, malamin makaranta, a Sabon Gari na Damagaram yake koyar da SVT, kimiyyar halittu da ƙasa, ga 'yan tarminal D bayan la'asar, jikka biyar a wata, fotokopi daban, kuma wannan na fotokopin ya ɗan ci mini rai don ba a faɗa ba tun farko sai da yarinya ta fara zuwa tana cewa yaya a ba ni na takarda.

Da yake ni ke biya na je na zauna bayan aji in ga abin da nake saye, sai na tarar ana maganar endosimbiyoz, wato zaman wata halitta cikin ƙwayar wata. Mutumin yana da ɗan mikroskop nasa, tsoho ne mai madubi a ƙasa ba ya buƙatar kuran, ya sa wani yaro ya ɗebo gansakuka daga tapki ya ɗiga a gilashi kowa ya zo ya leƙa. Na leƙa ni ma. Zare-zare ne an raba su ɗaki-ɗaki, cikin kowane ɗaki wani koren abu ya nannaɗe. Ya ce to wannan koren shi ne kuloroplas, kuma a binciken masana kakansa bakteri ne mai zaman kansa, irin wanda ake kira siyanobakteri, wata ƙwayar halitta ta haɗiye shi ba ta narkar da shi ba ya zauna cikinta. Haka ma mitokondiri da ke cikin jikinmu mai samar mana da ƙarfi daga abinci, shi ma bakteri ne asali, ya shiga ne fiye da shekara biliyan 1.5 da suka wuce. Kamar baƙo ne da ya zo kwana ɗaya ya kama girki, har aka wayi gari in ya tafi gidan ba mai cin tuwo, shi ma ya manta hanyar garinsu.

Abin da ya burge ni bai ce ku haddace ba, hujja ya jero a tablo yana tambayarsu. Mitokondiri yana da ADN, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, nasa na kansa, zagayayye irin na bakteri, fatarsa biyu ce, kuma ƙwaya ba ta ƙera sabo daga babu sai dai wanda ke akwai ya rabe biyu. Ya ba su labarin Lynn Margulis 'yar Amurka da ta rubuta wannan a 1967, mujallu da yawa suka ƙi buga mata kafin ɗaya ta karɓa, alhali wani ɗan Rasha Mereshkowski ya faɗi makamancin haka kan kuloroplas tun 1905 ba a kula shi ba.

Wani yaro mai kaifin baki ya ce mushe to ai wannan ya karya Darwin kenan, tunda shi cewa ya yi reshe ke rabuwa kaɗan-kaɗan, nan kuma biyu ne suka haɗe. Amsar ta yi mini. Ya ce haɗewar gaskiya ce kuma Darwin bai san da ita ba lokacin da ya buga littafinsa a 1859, amma bayan an haɗe me ya faru? Waɗanda haɗin ya amfane su su suka fi yaɗuwa, kenan zaɓin yana nan yana aikinsa bai je ko'ina ba, kuma a hankali yawancin jen na baƙon, wato bayanan gadonsa, suka koma cibiyar ƙwaya, yau a mutum jen 37 kawai suka rage wa mitokondiri, furotin 13 yake iya tsarawa cikin fiye da dubu da yake aiki da su. Ya ƙara da cewa ita Margulis ta so ta ce haɗin kai ya fi gasa muhimmanci a tarihin halittu baki ɗaya, nan kam yawancin masana ba su bi ta ba. Da wata ta kawo zancen addini sai ya ce shi abin da masu bincike suka gano yake koyarwa da abin da za a tambaye su a jarrabawa, tambayar aƙida a kai wa malamai, ya wuce, ba gardama ba raini.

Wajen gado ne ajin ya kaure. Sikila kowa ya san ta a nan, uwa AS uba AS kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, lissafin Mendel kenan, rabi daga nan rabi daga can. Amma mitokondiri ba ruwansa da wannan lissafi, daga uwa kaɗai ake gadonsa, na maniyyi lalata su ake yi bayan ya shiga ƙwai, don haka namiji ya karɓa wurin innarsa amma ba zai ba 'ya'yansa ba. 'Yan matan suka hau tafi, samarin suka ce ba su yarda ba, sai da ya zana musu zuriya guda a tablo aka bi layin. Har ƙwayar palu, zazzaɓin cizon sauro, ya taɓo, ya ce tana ɗauke da ragowar wani kuloroplas da ya daina kore, kuma shi maganin doksisiklin ke kai wa hari.

Yanzu aibin. Zaure ne ƙarami yara sun haura talatin, benci bai isa ba wasu a tabarma kaye bisa gwiwa, ga zafin Damagaram ba fanka. Mikroskop ɗaya ne, kafin layi ya zagayo rabin lokaci ya tafi. Kuma mushen in ya shiga labari ba ya duba agogo, su kai magariba, mai zuwa daga Birni ko Garin Malam sai ta nemi kabu-kabu cikin duhu, ni dole nake zuwa ɗaukarta. Na faɗa masa ya ce zai raba su gida biyu bayan hutu. In za ku kai naku ku tambaya ko an raba ɗin, kuma ku yi cinikin fotokopi tun ranar farko.