Hular kwano ba takalmin Sallah ba ce

Ranar Asabar wani yaron shago, da kyar in ya kai shekara 22, ya ba ni kunya a gaban ɗana.

Tun zuwanmu Kalifoniya ta Amurka ɗan nawa ya hana ni sakat a kan sketbod, katakon nan mai ƙananan tayoyi huɗu da yara ke sulu da shi a kan siminti. Na saya. Ashe a nan duk wanda bai kai shekara 18 ba, doka ta hana shi hawa a titi sai da hular kwano, tara har dala 25, kuma aljihun iyaye take bi. Muka koma shago.

Na ɗauko babba, yadda ake saya mana takalmin Sallah, ka shekara uku kana girma a ciki. Saurayin ya zaro tef ya auna kan yaron, ya kifa masa wadda na zaɓa, ya ce ya girgiza kai. Hula ta zamo ta rufe ido, ƙeya a waje. Bai ce min uffan ba, kallona kawai ya yi. Ya kawo daidai kai: faɗin yatsu biyu tsakanin gira da bakin hula, igiyar haɓa a ɗaure tamau. Ya haɗo da makarin gwiwa da na wuyan hannu, wai nan ne ya fi karyewa tunda da tafi yaro ke tarar ƙasa. Nan kuwa babu mai ɗori a bayan layi, karaya ɗaya asibiti zai yashe ka. Na nemi ragi, ko a jikinsa. Wurin biya kuma aka ɗora haraji a kan kuɗin da ke jikin kaya, abin da har yau yake ƙona min rai.

A mota na tuna 2009, da aka kafa wa 'yan acaɓa dokar hular kwano wasu suka kifa ƙwarya. Har da ni a masu dariya. Yau ma ana jera yara huɗu a babur zuwa makaranta, a bi su da Allah ya tsare.

Filin da yara ke wasan sketbod dai kyauta ne, simintin sumul, an raba shi da hanyar mota. Sai ga wani ɗan yaro yana tsalle kai ba hula, manya na zaune kowa da wayarsa. A unguwarmu da tuni wani dattijo ya daka masa tsawa, ko bai san ubansa ba. Na miƙe zan yi, uwargida ta riƙe min riga.