Littafin asibiti ko hasashen yanayi: wanne za a bi?

Mai tsara aikin lafiya a Kano yana da madubi biyu. Na farko shi ne littafin da malaman asibiti ke cikawa kullum: yara nawa aka kawo da zazzaɓin cizon sauro, daga Fagge ne ko Kurna. Wannan ba ya ƙarya, amma labarin jiya yake bayarwa. Kafin alƙaluma su isa ma'aikatar lafiya, gadajen Asibitin Murtala sun cika.

Na biyu shi ne hasashen da hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara kan saukar damina da tsananin zafi. Da shi ake iya tanadin gidan sauro da ruwan gishiri da sukari kafin Agusta, a kuma shirya wa sanƙarau tun kafin zafin Maris. Sai dai hasashe bai san lungu ba. Ba zai ce maka kwatar Jakara ce za ta cika ta shiga rijiyoyin mutane ba. Littafin bara ne ya san wannan.

Ni dai, in dole ne in zaɓi ɗaya, littafin zan riƙe, muddin za a riƙa tura abin da ke cikinsa ta waya duk mako. Damina yanzu ba ta da alƙawari.