Gargaɗi ga masu mota: masu "wanke AC" a gida, turare kawai suke fesawa

Jama'a assalamu alaikum. Abin da ya same ni nake so ku ji, musamman yanzu da damina ta kankama, motoci da dama sun fara wari da zarar an kunna AC.

Corolla gare ni ƙirar 2010. Kusan wata guda in na tayar da ita da safe sai wani wari ya buso daga ramukan iska, kamar tsumman da ya kwana a jiƙe, har uwargida ta ce gara ta hau adaidaita. Ana cikin haka na ga talla a wani zauren WhatsApp: wai suna zuwa har gida su wanke AC ba tare da kwance dashbod ba, kuma wari ba zai dawo ba sai bayan shekara. Na kira, samari biyu suka zo a babur da gwangwanin feshi da wata tukunyar gas wadda ko rubutu babu a jikinta. Babban ya kai hanci bakin ramin iska, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, ai gas ɗinka ne ya ruɓe, sai an zubar an ɗura sabo." Ni da ban san kan abin ba na ce to. Ko rabin awa ba su yi ba, mota ta ɗauki ƙamshin lemon tsami, na tura musu naira 28,000 har ina godiya.

Kwana huɗu warin ya dawo, wannan karon gauraye da turare, ya fi na da tayar da zuciya. Lambarsu kuwa a kashe.

Dole na koma wajen tsohon mai gyara min AC, wanda tun farko ƙyuya ce ta hana ni zuwa gare shi. Da na maimaita masa zancen ruɓewar gas sai da ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce gas ba ya ruɓa, a cikin bututu yake a rufe, iskar da kake shaƙa ba ta taɓa shi. In ya ragu, sanyi ne zai ragu. Warin daga wani wuri yake fitowa. A bayan dashbod akwai wani ƙarfe mai kama da ƙaramin lagireto, shi ne ke yin sanyi, kuma yana gumi kamar randar ruwa. Wannan gumin yana bin wani siririn tiyo ya zuba a ƙasa, shi ne ruwan da kuke gani yana ɗiga a ƙarƙashin mota ta wajen kujerar mai zaman banza. In ƙura ta toshe tiyon, ruwa sai ya kwanta a ciki, fumfuna ta yi gida. Ya ɗaga kafet ta wannan ɓangaren, ga shi sharkaf. Ashe wata guda motata ba ta ɗigar da ruwa, ban lura ba.

Sannan ya sauke akwatin da ke gaban fasinja ya zaro filtar iska. Baƙa ƙirin, ƙurar hunturun bara da busassun ganyen darbejiya duk suna nan. A kanta kuma ga auduga jiƙe da turare an cusa. Aikin da na biya ke nan. Ko hure filtar ba su yi ba.

Abin da ya fi tayar masa da hankali gas ɗin ne. Irin motata R134a take sha, kuma an rubuta a takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet. Tukunyar da ba rubutu Allah kaɗai ya san me ke ciki: akwai masu ɗura na AC ɗin gida, akwai masu ɗura mai kama wuta, kuma wanda bai dace ba yana iya kashe kwamfreso, wato injin da ke tura gas ɗin a cikin bututun, wanda kuɗinsa ya ninka na wankin sau da yawa. Sai da ya zuƙe nasu gaba ɗaya ya ɗura na gaskiya. Ya buɗe tiyon, ruwa mai datti ya kwararo, ya fesa kumfar wanki a kan ƙarfen, ya sa sabuwar filta, aka shanya kafet a rana. Ya kuma koya min in riƙa kashe maɓallin AC in bar fanka tana hurawa na 'yan mintoci kafin in isa gida, don cikin ya bushe.

Duk wanda ya ce muku gas ne ke wari, ku karɓe makullinku. Ku ce ya nuna muku filta da idonku, ya nuna muku ruwa na ɗiga a ƙasa, kafin ku biya ko kwabo.

Jiya na sake ganin tallar a wani zauren, hoto ɗaya, rubutu ɗaya, lamba ce kawai ta canza. Don Allah ku tura wa 'yan uwa masu mota.