Awon Ciki a Watan Ramadan: Abin da Na Gani a Wani Asibiti a Kano

Asibitin da nake zuwa awon ciki ya ware zama na musamman kan azumi kafin shigowar Ramadan, kuma a ganina zaman ya cancanci yabo. Ungozomar ba ta yanke wa kowa hukunci a dunƙule ba; sai da ta auna hawan jini da sukari, ta duba katin kowace mace, sannan ta ba da shawara gwargwadon halinta.

Ta bayyana cewa binciken likitoci bai nuna azumi yana rage nauyin jariri sosai ga mai cikakkiyar lafiya ba, amma ƙishirwar kusan awa 14 a zafin Kano, musamman idan azumi ya faɗo a Maris ko Afrilu, tana iya jawo jiri, ciwon kai da ciwon mara. Masu ciwon sukari, da masu ƙarancin jini, da masu laulayin amai mai tsanani, ta shawarce su da su ajiye azumin. Ta ce duk wadda ta ga fitsarinta ya yi duhu, ko ta ji motsin ɗa ya ragu, ta sha ruwa nan take ta taho asibiti. Ta kuma tunatar da mu cewa a mazhabar Malikiyya mai ciki da ta ji tsoron cutuwa ramuwa kawai take yi.

Inda suka gaza shi ne cunkoso: mun cika benci har wasu suna tsaye a rana, kuma ba a ba mu bayanin a rubuce ba, alhali mazajenmu ma suna buƙatar karanta shi.